Amsoshin Tambayoyinku: Wane Shiri Ya Kamata Mai Zuwa Hutu Gida Ya Yi?

Wani mai karanta wannan shafi, ma'aikaci a Kaduna amma ɗan asalin wani ƙauye da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi, ya aiko mana da wasiƙa mai ɗan tsawo. Ya ce a hutun makaranta na watan Agusta ya kwashi mai ɗakinsa da yara suka je gaida iyaye. Wata rana aka wuni ana ruwa, aka shiga dare ana yi. Can tsakar dare sai ihu ya tashi daga bakin gari, wai gulbi ya ɓalle. Kowa ya fito a guje. Wayarsa babu caji balle ya haska, makullin mota ya shige cikin kaya, ƙaramar 'yarsa kuma ba a gan ta ba sai da asuba, ashe wata maƙwabciya ce ta goya ta ta haye tudu da ita. Da gari ya waye aka ga ruwan bai wuce gonakin fadama ba. Da ya kawo maganar a yi wani tanadi don gaba, 'yan'uwa suka sa masa dariya, suka ce birni ya mai da shi matsoraci, shi ke nan ba ya tawakkali. Yana tambaya: wane shiri ya kamata mutum ya yi in zai kai iyali hutu irin wannan wuri, shin yin shirin rashin tawakkali ne, kuma ya sake kai yaran baɗi ko ya haƙura?

Barka da arziki, Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Na ji daɗin wannan tambaya, domin mutane da yawa sun taɓa shiga irin wannan dare, amma da zarar rana ta fito sai a mai da abin labarin ban dariya a majalisa, a manta.

Bari in fara da maganar tawakkali, tunda na lura ita ta fi ci maka tuwo a ƙwarya. Tawakkali aikin zuciya ne, shiri kuma aikin hannu, ba sa tare wa juna hanya. Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ba da shawarar a adana hatsin shekaru bakwai na wadata don shekaru bakwai na fari. Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, da aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can sai ya juya da jama'arsa. Ka ma dubi rumbun da ke bayan gidanku. Wanda ya gina shi ya ɗora shi a kan duwatsu don kada damshi da gara su kai ga gero, ya yi masa jinka mai kyau kafin ruwan farko. Babu wanda ya taɓa ce masa mai raunin imani. 'Yan'uwan da suka yi maka dariya suna yin shirin ko-ta-kwana kowace shekara, ba su dai kira shi da wannan suna ba ne.

Kada kuma ka ji kunyar cewa ka gudu a banza. Ihun da ya zo ya wuce ba a yi asara ba ya nuna maka duk inda ɓarakarka take, kuma bai caje ka ko sisi ba. Ranar 13 ga Janairun 2018 an aika wa mutanen tsibirin Hawai na Amurka saƙo a wayoyinsu cewa makami mai linzami yana tafe, kowa ya nemi mafaka. Wuri ne da ke cike da masu yawon hutu, yawancinsu ba su san inda za su dosa ba. Sai bayan minti 38 aka aiko da saƙo na biyu cewa babu wani hari, ashe kuskuren ma'aikaci ne. Waɗanda suka amfana da wannan firgici su ne waɗanda suka zauna daga baya suka tambayi kansu: a cikin mintocin nan, me na nema na rasa? Kai ma ka riga ka ba kanka amsa a wasiƙarka: haske, makulli, da sanin inda 'yarka take.

Ihun ma ba shirme ba ne, in ka san halin gulaben yankin. Gagare da ya bi ta gefen Ƙauran Namoda, da Bunsuru da ya biyo ta ƙasar Zurmi, duka suna gangarawa ne su haɗu su zuba a gulbin Rima. Da rani yashi ne zalla, yara na ƙwallo a ciki, mata na tona ƙananan ramuka suna ɗiban ruwa. Wannan ne ke yaudarar baƙo. Ruwan da ke cika su ba na garinku kaɗai ba ne. Ruwan da aka yi nesa, can wajen mafarinsu, shi ke taruwa ya gangaro bayan wasu sa'o'i. Saboda haka ana iya kwanciya sama tas da taurari, a tashi gulbi ya kawo har baki. A tsakiyar marka kuwa, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi ba ta iya shan ƙari, duk abin da ya sauko gudu yake yi a kanta. Mutanen da ke ƙasa da madatsar Goronyo, a kan wannan gulbi na Rima, sun ga haka a Satumbar 2010. Ambaliyar Maiduguri ta 10 ga Satumbar 2024, da madatsar Alau ta fashe, da ta Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, duka sun iske mutane ne a kan shimfiɗunsu. Wanda ya kwarma ihu a ƙauyenku ya yi abin da ya dace, ko da ruwan ya tsaya a fadama.

To, me za a shirya? Yawancin mutane da sun ji wannan tambaya sai hankalinsu ya tafi kasuwa, a sayo kaza a sayo kaza. Ni kuwa ina ganin mafi girman shirin ba ya cin ko kwabo. Kai da ka shekara da shekaru a Kaduna, ka zama baƙo a garinku ko ka ƙi ko ka so, mai ɗakinka da yaranka kuwa sun fi ka baƙunta. An yi sabbin gine-gine, an toshe tsohon lungun da ka sani, kwarin da kuke wasa kuna yara ya zurma ya ci rabin hanya. Ranar da kuka sauka, bayan an gama gaishe-gaishe an ci abinci, ka nemi wani dattijo ku ɗan zaga da la'asar. Ka tambaye shi shekarar da ruwa ya fi ɓarna ina ya kai. Zai nuna maka, sau da yawa a jikin katangar masallaci ko gindin wata tsamiya. Ka tambayi inda jama'a ke taruwa in abu ya faru, ko makarantar firamare ce ko wani tudu. Sannan ka bi hanyar da ƙafarka, kai da mai ɗakinka da manyan yaran, tun da sauran haske. Ka lura da rijiyar da ba ta da murfi, da kududdufin da aka haƙa don yin tubali, da shingen ƙaya. Abin da ka tsallake da rana kana hira, shi ne zai karya maka ƙafa cikin duhu.

Daga nan sai yarjejeniyar cikin gida, wadda rashinta ne ya sa kuka kwana kuna neman yarinya. Kafin a kwanta a daren farko, a faɗa a fili: in an rabu, a haɗu a wuri kaza, kada wanda ya koma gida neman wani. A raba mutane da sunayensu. Uwa ta ɗauki na goye, kai ka riƙe mai bi masa, babban yaro ya kama hannun ƙanwarsa. A tuna da tsohuwar da ke ɗakin ƙurya wadda ba ta ji sosai, da makaho ko gurgu in akwai, a ce wane ne zai fito da su. A gidan gandu mai mutum talatin kowa yakan ɗauka wani ya ɗauko yaron, shi ya sa ake barin yara a baya. A kuma sanar da maƙwabta, don wadda ta goya ɗan wani ta san inda za ta kai shi. Yaran birni ba su san sunan da ake kiran kakansu da shi a gari ba, to a koya musu, a kuma rubuta sunan da lambar waya a 'yar takarda a sa cikin leda a aljihunsu.

Kada ka ce yara ne, faɗa musu zai tsorata su. A ranar 26 ga Disambar 2004, lokacin da igiyar ruwan nan da ake kira sunami ta afka wa gaɓar tekun Indiya, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, tana hutu da iyayenta a Fuket ta ƙasar Tailan. Ta ga teku yana kumfa yana wani irin motsi, ta tuna darasin da malaminsu ya yi musu makonni biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta lamba har aka kwashe mutane daga bakin ruwa. Yaron da aka yi wa bayani cikin natsuwa ya fi wanda aka ɓoye wa komai kwanciyar hankali.

Akwai hatsarin da ba ka ambata ba, alhali a ƙauyukanmu ya fi gulbi kusa da mai barci: ɗakin ƙasa da ya sha ruwa. Baƙon da ya zo daga birni sau da yawa ɗakin da ba a kwana a ciki ake share masa, wanda aka daɗe ba a yi masa yaɓe ba. Ka duba shi da kanka. In gindin bango ya yi duhu da damshi har ya fara zubewa in ka taɓa, ko ka ga sabuwar tsaga daga kan ƙofa zuwa sama, ko ƙyauren da yake rufuwa lafiya jiya yau ya cije, to ginin yana motsi. Ka ɗaga kai ka dubi azara, ko ta lanƙwashe, ko ƙasa na zubowa kan gidan sauro. Ka fita ka ga indararo, in ciyawa ko tsumma ya toshe shi ruwa na kwanciya a kan soro, nauyinsa na ƙaruwa duk dare. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a ranar da ake ruwa ba ƙaƙƙautawa, ku kwashe tabarmi ku koma wani ɗaki, ko da za a ce ka cika iyayi. Kuma kada a shimfiɗa wa yara a gindin katanga.

In har an fito ana gudu, ga wani kuskure da masu mota ke yi, wato ɗaukar mota a matsayin mafaka. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wajen idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota daga ƙasa, in ya kai 60 kuwa har manyan motoci yana tafiya da su. Ga shi ba ka ganin abin da ke ƙarƙashi, wataƙila kwalbatin da ka bi da rana ya riga ya zaftare. In ruwa ya hau kan hanya, a tsaya a jira, gulaben nan yadda suke saurin kawowa haka suke saurin janyewa. Amfanin mota yana nan tun kafin ruwa ya iso: a ajiye ta a tudu, hancinta na kallon hanyar fita, tankinta bai gaza rabi ba, makullin kuma a rataye a ƙusa guda da kowane babba ya sani. Kuma duk tsananin ruwa kada a fake a gindin bishiya ana tsawa.

Yanzu sai kaya, kuma ba su da yawa. Jaka ɗaya ƙarama da za a rataya kusa da ƙofa, ba a buɗe ta don neman man shafawa. A ciki a sa tocila mai batir da ƙarin batir, domin tocilar waya cajin da za ka kira taimako da shi take cinyewa. A sa ƙaramar rediyo, da abin ajiyar caji a cike, da ashana cikin leda. Katin shaida da katin rigakafin yara su ma a ƙulle su a leda. Abinci irin wanda ba ya son wuta: ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, da gorar ruwa mai murfi. Abin da aka fi mantawa shi ne maganin da wani ke sha kullum, na hawan jini ko ciwon suga ko asma. A taho da na kwanakin hutun, a ƙara na mako guda a kai, saboda hanya na iya yankewa, kuma ba kowane kemis na ƙauye ke da irinsa ba. Takalman kowa su kwana a bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma yi shirinka kamar babu waya. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko, amma abin ya zarce haka nesa ba kusa ba, har mutane suka koma ba direbobi saƙo a tasha. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya nuna wa kowa cewa kuɗin da ke cikin asusu ba ya sayen mai in babu sabis. To ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, ka raba su gida biyu tsakaninka da mai ɗakinka. Ka rubuta muhimman lambobi a takarda. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122, sai dai gaskiya a ƙauye lambar mai unguwa, da ta direban da ka yarda da shi, da ta ma'aikacin asibitin da ya fi kusa sun fi saurin amfani. Ka bar wa wani ɗan'uwa a Kaduna ranar da za ku dawo, don in ya ji shiru ya san lokacin da zai fara cigiya.

Bayan ruwa ya janye mutane kan saki jiki, alhali a lokacin ne ciwo ke shigowa. Ambaliya na haɗa shadda da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A nan akwai abin da nake so in gyara a hankali: alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikinsa. In yaro ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Akwai babban asibiti a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana aikin kula da yara a na Shinkafi da na Zurmi. Tsummokaran da aka kwashe da itacen girki a ɗaga su da sanda, domin macizai da kunamu su ma tudu suke nema.

Ba zan yi kamar ban san ɗaya ihun da ke tashin mutanen wannan yanki cikin dare ba, na zuwan 'yan bindiga, wato "ga su nan!" Duk abin da na faɗa game da wurin haɗuwa, da raba yara, da jaka a bakin ƙofa, yana aiki a nan ma. Bambancin shi ne a wannan karon ba a haska tocila, ba a kunna mota, kuma ba kai ke zaɓar hanya ba. Ka bi masu gida, sun fi ka sanin inda ake ɓuya. Tun kafin tafiya ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi zuwa Jibiya take ciki a wannan makon, ba a watan jiya ba. A yi tafiya da hantsi, kada a yi sammako ko a yi dare. Kada ka sanar da zuwanka a Facebook ko a zaurukan WhatsApp, hotuna ma su jira sai kun dawo. Kuma in ka ji labari ba ka tabbatar ba, ka tashi iyalinka su shirya, amma kada ka tura wa duniya, turmutsutsun da jita-jita ke jawowa shi ma yana kisa.

Kowane lokaci na shekara da nasa. Hutun bazara ba shi da ambaliya, amma yana da sanƙarau. Annobar da ta kashe fiye da mutum 1,000 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 daga ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ba da rahotonta. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba a kwana da su a gida. Don damina kuwa, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashensu kowace shekara kafin ruwa ya kankama, gidajen rediyo kuma suna karantawa da Hausa.

Ka kula da ƙaramar 'yar nan taka. In ta koma fitsarin kwance, ko tana firgita in an fara yayyafi, ko ta ƙi rabuwa da uwarta, kada a yi mata tsawa ko a bar yayyenta su tsokane ta. A bar ta ta ba da labarin yadda ta gan shi, a gaya mata abin da aka shirya don gaba. Yawanci yana wucewa cikin 'yan makonni, in ya ƙi a ga likita. Ita kuma baiwar Allah da ta goya ta, ta cancanci ka je har ɗakinta da turmin zane.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ra'ayina shi ne kada ruwa ya hana ka kai yara ga kakanninsu, domin ruwa abu ne da ake iya yi wa shiri. In da hali ka mai da ziyarar hutun Disamba, lokacin da gulbi ya janye, an gama girbi, hanya ta bushe. Maganar tsaro kuwa ita ke da hukunci na ƙarshe. In mutanen gida da kansu suka ce kada ka zo da yara bana, ka ji maganarsu, ka aika kuɗin mota tsofaffin su zo Kaduna su yi muku mako biyu.